Maki 9 cikin 30: rubutuna aka duba ko ra'ayina?

Ɗan aji uku:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kwana uku ke nan ina juya maganar nan a raina, barci ma ya ƙi zuwa, shi ya sa na ce bari in kawo ta gabanku ko na samu mai faɗa min gaskiya, ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa. A zangon da ya wuce wani malaminmu ya ba mu asaimen a kan cire tallafin man fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu 2023. Bai yi mana tes ba, don haka duk maki 30 na aikin aji a kan takardar nan suka rataya. Ni na rubuta cewa cire tallafin ya zama dole, inda aka yi kuskure shi ne yadda aka cire shi: ba a tanadi motocin haya ba, ba a tanadi abin rage wa talaka raɗaɗi ba, sannan bayan sati biyu aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Na kawo maganar man da ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Nijar da Benin da Kamaru. Na kawo abin da ya faru a Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Jonathan ta kai lita daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97. Sati guda na yi ina zirga-zirga laburare, kuɗin abincina na biya aka buga min shafi bakwai.

Da aka liƙa sakamako, 9 na gani. Abokina da a gabana ya rubuta nasa da asubar ranar miƙawa, shafi huɗu, kusan duk maganganun malam na aji ne ya mayar masa, shi 23 ya samu. Malamin nan kowa ya san inda ya dosa, kullum a aji cewa yake Bankin Duniya da IMF ne suke mulkin Najeriya. A jarrabawa na ci 44 cikin 70, jimla 53, wato C a kwas mai yunit uku. Yanzu a matsakaicin makina na jami'a (CGPA) ina 3.48, da B na samu da ina 3.51. Duk wanda ya yi jami'a ya san abin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu: daga 3.50 ne darajar digiri ke hawa mataki na gaba. Don Allah ku faɗa min, rubutuna aka duba ko ra'ayina?

Mai shagon waya:
Wa alaikumussalam. Ƙanina, sannu, amma kai ma da naka laifin. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi jela ka ɗaura. Mu da muka gama, abin da ya fitar da mu shi ne: abin da malam ya ba ka, shi za ka mayar masa. Ra'ayinka ka ajiye shi a aljihu har ka karɓi takardar shaidarka, daga nan ka yi ta faɗa har a rediyo.

Malama mai koyar da tattalin arziki:
Ɗana, kafin in ce komai, tambaya ɗaya: ka ga takardar taka bayan an duba ta? Ka ga abin da aka rubuta a kanta?

Ɗan aji uku:
A'a Malama. Ba a dawo mana da asaimen. Lamba kawai muke gani a allo.

Malama mai koyar da tattalin arziki:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Kai ba ka san dalilin 9 ɗin ba, mu ma da ke nan ba mu sani ba, sai zato. Kuma zato a irin wannan wuri kullum gefen da zuciya ta riga ta karkata yake bi.

Bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangarenmu. A zangon da ya wuce takardu 280 na duba a kwas ɗaya. Da dare nake zama bayan yara sun kwanta, in babu wuta da fitilar caji, jan biro a hannu. Takarda ta ashirin ba kamar ta ɗari biyu ba ce a ido. Da yawa daga masu zuwa ofishina suna cewa na zalunce su saboda ra'ayi, in na buɗe takardar a gabansu sai su yi shiru: ba su amsa tambayar da aka yi ba, ko sun cika shafi da zafin rai babu hujja ko ɗaya, ko daga intanet suka kwaso.

Amma ba zan tsaya nan in wanke kanmu ba, don akwai abin da na kama kaina ina yi. In ɗalibi ya rubuta abin da na yarda da shi, sai in wuce, ba na tambayar ina hujjarsa, domin a wurina maganar a fili take. In ya rubuta abin da ban yarda da shi ba, nan take biro ya tsaya: wa ya faɗa, a wace shekara, ina lissafin? Ɗaya na yi masa awo da mudu cike, ɗaya na shafe masa baki, kuma ban taɓa niyyar zaluntar kowa ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan malamin da ke yi da gangan, saboda shi ya san abin da yake yi, ni kuwa da zuciya ɗaya nake kwana.

Mai shagon waya, ka yi haƙuri, shawararka ce ta fi komai ci min rai. Ɗalibai 280 su mayar min da maganata, to me na koyar? Na zama mai duba madubi ke nan.

Mai shagon waya:
Malama, Allah ya ba ki haƙuri. Ba don ina jin daɗinta na faɗa ba. Amma ke albashinki na tafiya ko an mayar miki ko ba a mayar ba, shi kuwa kariyoba ɗaya sai ta ƙara masa shekara, ta ƙara wa mahaifinsa kuɗin rajista.

Mai jar hula:
Ni dai ba zato nake ba, a kaina aka yi. Ranar farko da na shiga ajin wani malami da jar hulata, ya tsayar da darasi ya ce nan ba filin kamfen ba ne. Na cire, ban yi musu ba. Daga baya ya ba mu aiki a kan raba masarautar Kano gida biyar da gwamnatin Ganduje ta yi a 2019. Na rubuta cewa an yi ne don a rage ƙarfin Sarki Sanusi, na kawo tube shi da aka yi a Maris 2020 a matsayin shaida. D na samu. Tun daga ranar, duk kwas ɗinsa ban wuce D ba, alhali a sauran ina cin B.

'Yar Gwammaja:
Yayana, kada ka mai da abin na gefe ɗaya. Ni ma akwai malamin da jar hular ce a kansa har ofis, kuma bayan an mayar da Sarki Sanusi a Mayun 2024 na rubuta cewa majalisar jiha ta yi gaggawa wajen soke dokar masarautun, ya kira ni gaban aji ya ce in faɗa wa mutane nawa aka biya ni. Kuka na yi ranar. Duk tafiyar ɗaya ce.

Mai jar hula:
Amma ai ke kin san wanda ya fara ɓata masarautar.

Shugaban zaure:
Jama'a, a tsaya nan. Ba shari'ar masarauta aka kawo mana ba. Ku duba ma yadda cikin saƙo uku muka bar yaron da matsalarsa muka koma jam'iyya. In mu da ba mu riƙe da jan biro haka muke, sai mu gane abin da Malama take faɗa. A dawo kan magana.

Baba mai ritaya:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma 'yata Malama, Allah ya yi miki albarka, ba kowa ke iya faɗar abin da kika faɗa a kan kansa ba.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa, don haka bari in ja ku baya kaɗan. Malami mai ra'ayin siyasa ba sabon abu ba ne, kuma ba shi ne cutar ba. A shekarun 1980 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cike take da malamai masu aƙidar gurguzu da masu adawa da su, ana muhawara a fili. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi har sakataren gwamnatin Jihar Kaduna ya yi a zamanin PRP ta Balarabe Musa, kowa ya san ra'ayinsa, kuma ɗalibai daga wasu sassan suna cika ɗakin laccarsa. A 1985 Babangida ya buɗe muhawara a kan bashin IMF, a 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, to irin gardamar da ɗan aji uku ya rubuta a kai, tun lokacin ake yin ta.

Abin da nake so ku kiyaye shi ne wannan. Bayan 'yan sanda sun kashe ɗalibai a Zariya a Mayun 1986, gwamnati ta kafa kwamitin Janar Abisoye, kuma daga nan ne maganar nan ta bazu cewa akwai malamai da ke koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. Da wannan sanda aka yi ta dukan malamai. A 1988 aka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, mutumin Jamaika da ya daɗe yana koyar da ilimin zamantakewa a Zariya, aka sa shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar. Don haka duk lokacin da na ji ana cewa a sa hukuma ta tace malamai masu siyasa, gabana faɗuwa yake. Ba ɗalibi za a taimaka wa ba, wanda ke kan mulki ne zai samu hanyar rufe bakin wanda ba ya so.

A bar malami da ra'ayinsa. Amma maki ba nasa ba ne, amana ce. A da, mai duba jarrabawa daga wata jami'a yana zuwa ya zauna kwana biyu ko uku, ya zaro takardu daga sama da tsakiya da ƙasa, ya karanta da kansa, ya kira ka ya ce me ya sa ka ba wannan 38, wancan 65? Sanin cewa wani zai tambaye ka, shi kaɗai ya isa ya daidaita maka hannu. Kafin in bar aiki abin ya koma galibi na 'yan ajin ƙarshe, shi ma a gurguje, asaimen kuwa babu mai leƙa shi sam.

Mai karatu a Ingila:
Baba ya taɓo inda nake so in yi magana. A nan inda nake digiri na biyu, ba ka sa sunanka a kan aiki, lamba kake sawa, ka tura ta kwamfuta. Tun kafin ka fara rubutu an ba ka takardar da ta nuna yadda za a raba makin: kaza na hujja, kaza na tsari, kaza na karatun da ka yi. Bayan malami ya duba, wani malamin na biyu yana ɗaukar wasu daga ciki ya sake dubawa. Sannan aikinka yana dawo maka da bayani a rubuce. Na taɓa rubuta abin da na san malamata ba ta yarda da shi ba a kan bashin ƙasashen Afirka, ta rubuta min cewa ba ta gamsu da matsayata ba amma na kare ta da kyau, ta ba ni 68.

A Amurka ma an daɗe ana wannan rigimar, masu ra'ayin mazan jiya suna cewa malamai masu sassaucin ra'ayi na danne 'ya'yansu. A 2015 wasu masana biyu, Paul Musgrave da Mark Rom, suka gwada: suka tara rubuce-rubucen ɗalibai babu suna, suka ba mataimakan malamai na jami'o'i daban-daban su duba. Abin da suka samu shi ne shaidar son kai ta yi rauni ƙwarai a kan yadda masu ƙorafi ke faɗa.

Malama mai koyar da tattalin arziki:
Ƙanina na Ingila, ɓoye suna yana da amfani, zai taimaki mai jar hula da 'yar Gwammaja, don su fuskarsu aka riƙe. Ai mu ma a takardar jarrabawa lambar rajista ake rubutawa. Amma ba zai taimaki ɗan aji uku ba. Ra'ayinsa ba a bangon takarda yake ba, a cikinta yake, tun layin farko. Binciken Amurkan kuma ka lura da shi: masu dubawar sun san akwai idon da ke bayansu. Mu nan daga kai sai Allah. Abin da ya fi burge ni a bayaninka shi ne dawo da takarda da dalili a rubuce. Ranar da aka tilasta min rubuta dalilin 9, dole in nemo dalilin da zan iya karewa a gaban mutane.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan kan 20 ake ba da maki, 10 ne tsira. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, in mushe, wato malami, ya ba da aiki a kan Faransa ko kuɗin sefa ko ficewa daga ECOWAS, yara sai sun fara sauraren bakinsa su gane ina ya karkata kafin su ɗora alƙalami. Ƙanena ya ce min shi yanzu gabatarwa biyu yake shiryawa a kansa, ya zaɓi wadda ta dace da mai dubawa. Yaro ɗan shekara ashirin ya riga ya koyi magana da baki biyu.

Hajiya uwar ɗalibai:
Ɗana, ni ban yi jami'a ba amma na yaye uku a cikinta. Don girman Allah kada ka rubuta takardar ƙara. An ce ana iya biyan kuɗi a sake duba jarrabawa, to wa zai sake dubawar? Ba abokan aikinsa ba ne, da suke shan shayi tare? Ga furojet na aji huɗu yana gabanka, in aka haɗa ka da shi fa? Ka bar wa Allah. Maki ba shi ne arziki ba.

Baba mai ritaya:
Hajiya, tsoronki na kan hanya, na ga yaran da aka riƙe a zuci saboda ƙara. Amma tsakanin ƙara da shiru akwai hanya. Ɗana, ka je ofishinsa kai kaɗai, da ladabi, kada ka ambaci abokinka, kada ka ambaci siyasa. Ka ce: Malam, ina so in ga inda na yi kuskure don in gyara. Babu malamin kirki da zai ƙi wannan. Gani ya kori ji.

Ɗan aji uku:
Iyayena, na dawo. Na bi shawarar Baba. Sau biyu ina zuwa ba na samunsa, jiya bayan azahar na same shi. Ya dube ni ya ɗan jima, sannan ya tashi ya kwance wani ƙullin takardu da ke ƙasan tebur, ɗaure da igiyar leda, ya yi ta bincike har ya zaro tawa.

Ga abin da na gani. A shafi na biyu, inda na rubuta yawan man da ake fitarwa ta kan iyaka, ya ja layi ya rubuta: daga ina? Gaskiyarsa ne, a wani saƙon WhatsApp na gani, ban bincika ba. A shafi na huɗu ya rubuta cewa ban ce komai ba a kan matatun mai na Fatakwal da Warri da Kaduna, alhali rashin aikinsu ne ya sa ake shigo da tataccen mai tun farko. Nan ma ban da ta cewa, kunya ta kama ni. Amma a shafin farko, a saman gabatarwa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: wannan bakin IMF ne. Shafi na biyar zuwa na bakwai kuwa babu ko ɗigon jan biro, kuma a nan ne na yi bayanin yadda aka cuci talaka wajen aiwatarwa. Ina jin bai kai can ba.

Na ce Malam, ko za ka duba ƙarshen? Ya karanta a tsaye, ya yi shiru, ya ce da wannan ka fara da abin ya fi haka. Ya ce sakamako ya riga ya wuce majalisar jami'a, ba ya canzuwa. Ya miƙo min takardar ya ce in tafi da ita.

Mai jar hula:
Ka gani ko? Ai na faɗa. Zalunci ne tsagwaronsa.

Malama mai koyar da tattalin arziki:
Ban ce tsagwaro ba, ban kuma ce babu ba. Gyaransa biyu daidai ne, ni ma da na rage maka a kansu, musamman lissafin WhatsApp ɗin. Amma takarda mai wannan aibi a hannuna tsakanin 17 da 20 take, ba 9 ba. Sauran makin a shafin farko suka zube, lokacin da ya yanke hukuncin ko kai wane ne kafin ya ji ƙarshen maganarka. Kuma ina da tabbacin da za a zaro takardar abokinka, za a samu lissafin da ba shi da tushe a ciki, babu wanda ya rubuta masa daga ina.

Ni dai na ɗauki abu ɗaya daga zauren nan. Zangon nan zan raba wa ɗalibaina yadda zan kasa maki tun ranar da na ba da aiki, kuma zan mayar wa kowa takardarsa, ko da layi biyu ne zan rubuta. Zan kuma kai maganar taron sashe, ko mutum ɗaya ne ya bi ni.

Hajiya uwar ɗalibai:
Alhamdu lillahi da ba a yi rigima ba. To yanzu sai ka kiyaye, ɗana.

Ɗan aji uku:
In sha Allahu Hajiya. Yana da wani kwas da za mu yi da shi zango mai zuwa, na dole ne. Na yi tunanin shawarar yayana mai shagon waya sosai, har na kusa ɗauka, amma ba zan iya ba. Abin da na yarda da shi zan rubuta, sai dai duk lambar da zan sa sai na san inda ta fito, kuma sai na kawo hujjar ɓangarensa da kyau kafin in amsa ta. Baba, in ba damuwa, zan turo maka ka duba min kafin in miƙa.

Baba mai ritaya:
Turo, ɗana. Ka haɗo da wannan ta 9 ɗin ma, ina so in karanta shafi na biyar zuwa na bakwai.